Tsingaro Ma Shaida Ne: Ginin Tukwane A Ƙasar Guri Da Kwarin Haɗeja

Duk sa'ad da aka ce a ba da tarihin ƙasar Haɗeja, abin da yakan fara zuwa bakin mai bayani shi ne sarakuna da yaƙe-yaƙe. Za a ambaci ƙananan masarautun nan bakwai na kafin jihadi, watau Auyo da Haɗeja da Garun Gabas da Gatarwa da Kazura da Fagi da Dawa. Daga nan a gangaro kan Sambo, sa'an nan Buhari wanda ya gagari Sakkwato, a rufe da ranar 25 ga Afrilu 1906 da Turawa suka ci garin, Sarki Muhammadu ya yi shahada. Wannan duk tarihi ne na gaskiya, ba ni kuwa da nufin rage masa daraja. Sai dai idan muka auna shi da daɗewar ɗan Adam a bakin kogin nan, za mu ga bai wuce ɗan ƙaramin yanki na ƙarshe ba. Abin da ya gabace shi ba ya cikin kundin kowace fada, kuma babu marokin da ya haddace shi.

Ni ɗan ƙasar Guri ne, kuma abin da nake so in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu a kai shi ne wata shaida da muke takawa kullum ba mu ko dube ta: tsingaro, watau ɓallin fasasshiyar tukunya. A ganina tarihin ginin tukwane shi ne mafi tsawon tarihin da ƙasarmu take da shi, kuma idan aka bi shi a hankali zai nuna cewa fuskar kwarin Haɗeja ta daɗe tana duban gabas, inda ruwan kogin yake tafiya, tun kafin ta waiwayo Kano.

Ƙasar da ba ta da dutse

Mai karatu wanda ya tashi a Dutse ko Birnin Kudu ko Kazaure zai yi wuya ya gane abin da ake nufi da ƙasar da ba ta da dutse. Da zarar an gangaro gabas zuwa Auyo da Haɗeja da Kirikasamma da Guri, duwatsu sun ƙare. Abin da ke akwai shi ne tuddan rairayi, jigawa bayan jigawa, a tsakaninsu kuwa fadamu masu baƙar laka wadda kogi yake zubarwa kowace damina. Ko dutsen niƙa sai an kawo shi daga nesa. To, mutumin da ya sami kansa a irin wannan wuri, kafin ƙarfe ya wadata, me zai riƙa? Itace yana ruɓewa, gara ma tana ci. Ƙwarya ba ta hawa wuta. Abin da ya rage masa shi ne yumɓu.

Saboda haka yumɓu ya shiga ko'ina a rayuwar mutanen kwari. Da shi ake yin tukunyar tuwo da ta miya, da tulu na ɗaukar ruwa, da randa ta ajiye shi, da kwatarniya, da kasko, da madambaci, da tanda ta suyar waina. Da shi ake yin murhu inda babu duwatsu uku da za a girka. Gululun da ke ƙasan mazarin mai kaɗi yumɓu ne, haka indararon da ke zubar da ruwan soro, haka shantalin alwala, haka asusun yaro. Babbar tukunya ce take dafa ruwan wankan jego, kuma a wurare da yawa na ƙasar Hausa da tukwane ake rufe kabari kafin a mayar da ƙasa. Ashe ke nan yumɓu yana tarbar mutum ran da ya zo, yana kuma raka shi ran da zai koma.

Wani halin yumɓu da ya sa masu binciken kufai suke ƙaunarsa shi ne wannan: tukunya tana da saurin fashewa, amma tsingaro ba ya ruɓewa. Da zarar laka ta sha wuta, ta bar zama laka har abada. Tufa da tabarma da jirgi da rumbu duk ƙasa tana cinyewa, tsingaro kuwa yana nan da zanen da aka yi masa, wani lokaci har da shatin yatsan wadda ta gina shi.

Abin da aka tono a gabas da mu

Kogin Haɗeja yana haɗuwa da na Jama'are kusa da Gashuwa, su zama kogin Yobe, shi kuwa ya nufi Tafkin Chadi. Wannan kwari guda ne, kuma abin da aka gano a ƙasansa ya shafe mu da ke samansa. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana a jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da kwalekwale a ƙarƙashin ƙasa. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt ta Jamus, cikinsu har da Peter Breunig, suka fito da shi a 1994, awo kuma ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Babu jirgin ruwan da aka sani a Afirka wanda ya girme shi. A Konduga kuma, a kan tudun da a dā shi ne gaɓar tsohon Tafkin Chadi, an sami tsingaro mai zane wanda ya haura shekara 6,000. Ko wannan ma ba shi ne mafi tsufa a Afirka ta Yamma ba, gama a Unjugu ta ƙasar Mali an sami wanda ya kai wajen shekara 9400 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.).

Amma abin da ya fi burge ni shi ne na Gajiganna, arewa da Maiduguri, inda mutane suka zauna tun wajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa. Maginan wurin sukan cuɗa ƙaiƙayi cikin yumɓu kafin su yi gini. Da aka gasa tukwanen sai ƙaiƙayin ya ƙone, ya bar shatinsa a jikin tukunya. Masana tsirrai suka duba wannan shati da madubin ƙara girma, suka iya rarrabe ciyawar daji da geron da aka noma, har suka nuna cewa zuwa wajen shekara 1200 kafin haihuwar Annabi Isa gero ya riga ya zama abin nomawa a yankin. A duba fa: tarihin geron da muke yin fura da shi, a jikin fasasshiyar tukunya aka karanta shi. Matar da ta zuba ƙaiƙayin nan ba ta yi don ta bar labari ba, ta yi ne don kada tukunyarta ta tsage a wuta, kamar yadda maginan yau suke yi.

Bayan Gajiganna sai Zilum, babban gari mai ganuwar rami na wajen shekara 600 zuwa 400 kafin haihuwar Annabi Isa, inda aka sami manyan randunan ajiya. Sai kuma Daima, tudun da Graham Connah ya haƙa a 1965 da 1966, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 10, kuma dukansa ba komai ba ne illa gari bisa gari, toka da laka da tsingaro. A can an ga har daɓen ɗaki da aka yi da tsingaro, da 'yan shanun yumɓu irin waɗanda yaranmu suke ginawa a bakin fadama har gobe.

Jar tukunya mai karce

Kafin jihadi, ƙananan masarautun kwarin Haɗeja suna ƙarƙashin Barno ne, ta hannun Galadima da ke zaune a Nguru. Tsakanin Guri da Nguru kuwa ba wata tafiya ba ce. Har yau jama'ar ƙasar Guri gauraye ne na Badawa da Mangawa da Hausawa da Fulani, kuma wanda ya zaga Kadira ko Musari ko Abunabo ko Margadu zai ji harshe fiye da ɗaya a kasuwa guda. Babban birnin daular, watau Birnin Gazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa wajen ƙarshen ƙarni na 15 kuma aka ci shi a 1808, a kwarin Yobe yake. Fadarsa da jan tubali aka gina ta, wanda shi ma ɗan'uwan tukunya ne, gama yumɓu ne gasasshe.

A kufan wannan birni Connah ya sami wani irin tsingaro da ya fita dabam. Maginan sukan shafe jikin tukunya da kunun jar ƙasa, su goge shi har ya yi sheƙi, sa'an nan su sa tsinke su karce zane a kansa, yadda launin da ke ƙarƙashi zai fito fili. Masana suna kiran irin wannan ado sigirafito, kalmar Italiyanci ce mai nufin karce. A riƙe wannan suna, domin za mu sake gamuwa da shi a wata ƙasa mai nisa. Abin lura a nan shi ne, birnin da yake hulɗa da Tarabulus da Masar, wanda sarakunansa suke zuwa hajji, bai raina yumɓun bakin koginsa ba, har ya fitar da salon ado nasa na kansa.

Akwai kuma gishiri. A ƙasar Manga, arewa da kogin Yobe, masu dafa manda sukan tace ƙasa mai gishiri, su zuba ruwan a cikin ƙananan tukwane masu tsini da aka jera a tanderu, su yi ta ƙara ruwa har gishirin ya daskare ya cika tukunyar. Ba a fitar da shi sai an fasa ta. Watau kowane kan gishiri da fatake suka ɗauko zuwa kasuwannin ƙasar Hausa, an fasa tukunya guda dominsa. Paul Lovejoy ya yi bayanin wannan sana'a a littafinsa na 1986 kan gishirin Sudan ta Tsakiya. Mukan yi maganar fataucin gishiri da kanwa kamar aikin 'yan kasuwa da raƙuma ne kaɗai, mu manta da hannayen da suka gina dubban tukwanen da aka yi don a fasa.

Yadda ake ginin

A biranen Kano da Zariya maza suna ginin tukwane, a ƙasar Barno kuwa galibi aikin mata ne, kuma sana'ar gado ce a ko'ina. Da rani ake yinta, bayan ruwa ya janye an kuma gama aikin gona. Akan haƙo yumɓu, a shanya, a farfasa, a jiƙa, sa'an nan a tattake shi da ƙafa ana barbaɗa masa abin da zai rage masa danƙo: ƙaiƙayi, ko kashin jaki, ko dakakken tsingaro. Wannan na ƙarshe abin sha'awa ne, domin tsohuwar tukunya tana komawa cikin sabuwa.

Hanyoyin tayar da jiki biyu ne aka fi sani. Ko dai a kife tsohuwar tukunya a lulluɓa mata faifan yumɓu a bubbuga har ya ɗauki siffarta, ko kuwa a sa curin yumɓu a wani ɗan rami mai kamar ƙwarya, a riƙa dukansa daga ciki da dundunge ana juya shi, har ya buɗe ya zama ƙwallo mai siririn jiki. W. E. Nicholson ya rubuta bayanin maginan Sakkwato a mujallar Man tun 1929. Bayan jiki ya sha iska sai a ɗora wuya da baki da murzajjen yumɓu, a shafe da jiƙaƙƙen tsumma ko ganye. Ado kuwa, a mirgina 'yar tufkakkiyar igiya ko totuwar masara a kafaɗar tulu, a shafa jar ƙasa, a goge da zaren 'ya'yan kuka har ta yi santsi. Gashi a fili ake yinsa: a jera tukwane, a rufe da kara da ciyawa da kashin shanu, a cinna wuta. Wasu sukan yayyafa wa tukunya ruwan makuba ko na bagaruwa tun tana da zafi, ta yi duhu ta kuma rage tsatsafo.

Babu faifan juyi, babu ginannen tanderu, babu shafen gilashi. Waɗannan rashi uku su ne suka sa aka daɗe ana yi wa tukwanenmu kallon aikin da bai ci gaba ba. Don a ga ko wannan hukunci daidai ne, ya kamata mu leƙa wata ƙasa da ta mallaki duka ukun, mu ga yadda ta ƙare da su.

Abin da ya faru a Amurka

Turawan Ingila sun kafa zangonsu na farko mai ɗorewa a Amurka a Jamestown a 1607, kuma ba a daɗe ba maginan tukwane suka bi su, domin ɗauko kasko daga Ingila a jirgin ruwa wahala ce da tsada. Abin da suka riƙa ginawa daga jan yumɓun bakin rafukansu shi ne kayan talaka: kwanon madara, tulun ajiya, farantin gashi, bahon fitsari. A kan faifan juyi suke yi, su gasa a tanderu da zafin da ya kai wajen digiri 1,000. Adonsu da kunun farar laka ne, a zuba shi a ɗan kofi mai bututun gashin tsuntsu a tsiyaya layi-layi a kan jan jiki. Jamusawan da suka zauna a Pensilbaniya kuwa, a ƙarni na 18 da farkon na 19, sun shahara da faranta waɗanda ake shafe su da farar laka a karce furanni da tsuntsaye da rubutu har jan ya fito. Sigirafito ke nan. Ga magini a Pensilbaniya, ga wani a Gazargamu, zamaninsu ya haɗu, babu wanda ya san da wani, dabara kuwa guda.

Bambancin shi ne shafen gilashi. Jan yumɓu yana tsatsafo, su kuwa suna so ya riƙe madara da mai da ruwan tsami, don haka sai suka riƙa shafe shi da garin dalma, wanda yake narkewa a wuta ya zama gilashi. Dalma kuwa guba ce, kuma duk abu mai tsami yana narkar da ita ta shiga abinci. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara ɗaruruwa suka rasu saboda niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje, ba ma bukatar dogon bayani. Tun a ƙarshen ƙarni na 18 aka fara kuka da wannan shafe a Amurka, kuma yana cikin dalilan da suka sa jama'a suka koma ga tukwane masu taurin dutse da kwanukan kuza da fararen tangaran na Ingila, har zuwa tsakiyar ƙarni na 19 sana'ar jan yumɓu ta ja baya ƙwarai. Da a ce kakanninmu sun ɗauki wannan ci gaba, su da suke zuba tsamiya da nono da yakuwa a tukunya, da abin bai yi kyau ba.

Tsatsafon nan da Ba'amurke yake yaƙi da shi, shi ne amfanin randa a wurinmu. Ruwan da ke tsatsafowa ta jikinta yana bin iska, yana tafiya da zafi, na ciki ya yi sanyi a tsakiyar bazara. Haka kuma jikin da aka gasa da wuta mai sauƙi, aka kuma cuɗa shi da ƙaiƙayi ko tsingaro, yana jure harshen wutar murhu ba ya tsagewa, alhali tangaran ba ya iyawa. Ginin da ya dace da gero da zafin rana da wutar kara, wannan ba ci baya ba ne.

Akwai labari biyu daga can da nake so ɗaliban tarihi su riƙe. Na farko na wani magini ne a Yorktown ta Birjiniya, William Rogers, wanda ya kafa masana'antarsa wajen 1720. Ingila ba ta son ƙasashen da take mulka su riƙa ƙera abin da za su iya saye daga gare ta. Saboda haka Gwamna William Gooch, a rahotannin da yake aikawa London, sai ya riƙa kiransa wani matalaucin magini wanda aikinsa bai taka kara ya karya ba. Haka takarda ta ce, haka kuma aka ɗauka fiye da shekara 200. Da aka tona wurin daga ƙarshen shekarun 1960, sai ga babbar masana'anta da tanderu da tarin tsingaro na kaya iri-iri masu kyau. Takardar gwamna ta ɓoye gaskiya, juji ya tona ta. Wanda yake karanta rahotannin Razdan da Di'o kan sana'o'in ƙasar Haɗeja ya kamata ya tuna da Gooch.

Na biyu ya fi kusa da mu. A gonakin bayi na Birjiniya da Karolina ta Kudu an yi ta samun wani tsingaro na tukwanen da aka gina da hannu, ba shafe, aka gasa a fili. A 1962 Ivor Noël Hume ya danganta su ga Indiyawan ƙasar. Daga baya masu bincike, musamman Leland Ferguson a littafinsa na 1992, suka nuna cewa da yawansu bayi 'yan Afirka ne suka gina su don girkinsu. Har yanzu ana muhawara kan rabon kowane ɓangare. Amma ga mutanen da aka hana su rubutu, aka canza musu suna, waɗannan 'yan tukwane suna cikin kaɗan daga abin da suka bari da hannunsu. Kuma kada a ɗauka Amurkawa sun san darajar jan yumɓunsu tun farko. Sai da sana'ar ta kusa mutuwa sa'an nan Edwin Barber ya rubuta littafi kan farantan Pensilbaniya a 1903, Lura Watkins kuma ta bi kufan maginan Sabuwar Ingila ta fitar da nata a 1950.

Daga Abuja zuwa Dutse

Wani abin mamaki shi ne, mutumin da Gwamnatin Mulkin Mallaka ta ɗauko a 1950 don ya inganta ginin tukwane a Nijeriya, watau Michael Cardew, shi kansa ya yi suna ne wajen farfaɗo da adon kunun laka na Ingila, wanda yake ɗaya daga cikin tushen na Amurka. Da ya zaga Arewa ya ga aikin maginan gargajiya, bai ɓoye sha'awarsa ba, kuma a littafinsa na 1969 ya bayyana dalilin da ya sa gashin fili ya dace da tukunyar girki. Ya kafa cibiyarsa a Abuja ta dā, wadda yanzu ake kira Suleja. A 1954 Ladi Kwali ta shiga, ta riƙa gina randunanta na Gwari da hannu ana yi musu shafen gilashi. An nuna aikinta a London, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20. Na yarda ta cancanci duk wannan. Sai dai randar da aka yi wa shafe ta yi nauyi, ta kuma daina sanyaya ruwa. Ta tashi daga tsakar gida ta koma ɗakin nuni, kuma ba wannan hanya ce za ta riƙe maginar ƙauye ba.

Abin da ya ci kasuwar maginar ƙauye ya zo ne ta jirgin ƙasa da mota. Dogo ya isa Nguru a 1930, ya bi ta Malam Madori da Birniwa, ya kwashi gyaɗa ya sauke kayan kanti. Langa da fanteka da samira suka mamaye jeren amarya. Tukunyar ƙarfe ta narkakken alminiyum ta hau murhu, butar roba ta kori shantali, jarka ta kori tulu. Ba na zargin matar da ta zaɓi jarka, gama duk wanda ya taɓa ɗauko tulu cike daga rafi ya san nauyinsa, ya kuma san baƙin cikin fashewarsa a ƙofar gida. Sa'an nan kogin kansa ya sauya hali. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ambaliyar da take zuwa ta koma a kan lokaci ta rikice, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, wasu fadamu suka bushe, wasu kuma ruwa ya zauna a kansu shekara zagaye. An yi rubuce-rubuce da yawa kan abin da wannan ya yi wa masunta da manoman shinkafa da makiyaya. A ganina magina ma suna cikin lissafin, domin sana'arsu tana bukatar ruwa ya zo ya kuma janye.

Duk da haka randa ba ta mutu ba, kuma daga jiharmu aka sake nuna amfaninta. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, wanda ya fito daga gidan magina, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, ya rufe da danshin tsumma. Kayan lambun da kan lalace cikin kwana biyu ko uku sai suka riƙa yin makonni. Ya rarraba dubbai a ƙauyukan Jigawa, aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Dabarar tasa ba za ta yi aiki da tukunya mai shafen gilashi ba. Tsatsafon nan dai da aka raina, shi ne injinta.

Abin da ke gaban ɗalibin Hausa

Damuwata ita ce shaidu iri biyu suna salwanta a lokaci guda. Na farko kufai. A ƙasar da ruwa yake mamayewa, mutane a kan tudu suke zama, ƙarni bayan ƙarni, kuma irin waɗannan tuddai ne masu yin bulo da masu cikon hanya suke fara kai wa hari, ambaliya kuma tana zaizayar gefensu. Tsingaron da aka kwashe daga inda yake kwance ya zama kamar shafin da aka yage daga littafi, domin sanin wanne ne a sama wanne ne a ƙasa shi ne karatun. Haƙa kufai aikin ƙwararru ne, da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Amma rubuta sunan kufai, da inda yake, da abin da dattawa suke faɗi a kansa, wannan kowane ɗayanmu zai iya.

Na biyu kalmomi, kuma nan ne aikin ya zama namu kai tsaye. Auyokanci da Shiranci da Teshenanci, 'yan'uwan Badanci da aka yi magana da su a wannan yanki, sun riga sun ɓace, sun tafi da sunan da suke kiran tulu da randa da dundunge. Badanci yana nan, Russell Schuh da abokan aikinsa 'yan jihar Yobe sun fitar masa da ƙamus a 2004, amma ƙamus ba ya zama gefen magina ya tambaye ta sunan kowane motsin hannu. Kalmomin sana'a suna daga cikin masu faɗin inda sana'a ta fito. Idan aka jera sunayen kayan gini da Hausar Guri da Badanci da Manganci, aka kwatanta da na Kano da na Gashuwa, za a ga wa ya ara daga wa, a kuma gwada ra'ayin da na kawo tun farko cewa ginin kwarin Haɗeja ya fi jingina ga gabas. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri, maimakon ya ƙara na hamsin kan waƙar da aka riga aka tatse, sai ya je kasuwar Guri ranar ci, ya nemi layin masu tukwane, ya tambayi daga wane ƙauye kowace randa ta zo, wa ya gina ta, a wace fadama aka haƙo yumɓunta, kuma wa ya koya wa maginar.